Malamin Turanci a Khartum: abin da ke sa ɗalibi ya ba shi kunne

Yaron Bahaushe da ya tashi a Khartum ko Omdurman yana jin Hausa a gida, Larabci a unguwa da makaranta. Turanci shi ne na uku, kuma sau da yawa ba ya jin sa a bakin kowa sai malamin aji. Idan bai yarda da wannan malami ba, da wuya ya sami wata ƙofa.

A da Turanci yana da ƙarfi a makarantun Sudan. Kwalejin Gordon da aka buɗe a 1902, wadda ta zama Jami'ar Khartum a 1956, da Turanci take karantarwa. Cibiyar horar da malamai ta Bakht al-Ruda, da aka kafa a 1934 kusa da Ed Dueim, ta yi suna wajen yaye ƙwararrun malamai. Daga 1965 aka fara mayar da karatun sakandare zuwa Larabci, a 1990 kuma gwamnatin Umar al-Bashir ta yi haka ga jami'o'i. Turanci ya koma darasi guda a cikin jadawali. An yi ta sauya littattafai, daga NILE zuwa SPINE, sannan SMILE da aka shirya da taimakon British Council. Malamai masu gogewa kuwa da dama sun tafi Saudiyya da sauran ƙasashen yankin Gulf neman albashi mai kauri.

Masana sun daɗe suna nazarin abin da ke sa ɗalibi ya gaskata malaminsa. James McCroskey da Jason Teven na Amurka, a aikinsu na 1999, sun kasa abin gida uku: sanin aiki, riƙon amana, da nuna cewa malami yana nufin ɗalibi da alheri. A Hangari, Zoltán Dörnyei da Kata Csizér sun tambayi malaman Turanci 200 a binciken da suka wallafa a 1998 kan hanyoyin zaburar da ɗalibai. Halin malamin kansa, wato ya zama abin koyi, shi ya zo kan gaba. Kyakkyawar alaƙa da ɗalibai ma tana cikin na sama.

Dalilin a fili yake. Lissafi ana iya yin sa shiru a takarda, amma harshe sai an buɗe baki an yi kuskure a gaban jama'a. Yaron da aka taɓa yi wa dariya saboda lafazin Larabcinsa, ko aka kira shi "Fallata" da sigar raini, ba zai yi saurin ɗaga hannu a ajin Turanci ba. Ustaz ɗin da ya san sunansa, ya bar shi ya kai ƙarshen jimla kafin ya gyara masa, shi ke iya fito da muryarsa. Sai dai fara'a kaɗai ba ta isa. Yara suna saurin gane malamin da ba ya iya magana da harshen da yake koyarwa, wanda ke karanta darasi ya fassara da Larabci, ya sa a haddace don jarrabawa. Irin wannan aji yakan ba da maki, bakin ɗalibi kuwa ya zauna a rufe.

Akwai abin da malamai kan manta: wanda ya riga ya mallaki harsuna biyu ba baƙo ba ne a koyon na uku. Idan yaron ya iya karatun Hausar boko, ya ma riga ya san yawancin haruffan da abokansa ke fama da su.

Ba a kan malami kaɗai laifin yake ba. Aji cike maƙil da albashin da ba ya kai wata sun sa malamai yajin aiki a 2022, wasu kuma suka dogara da darasin kuɗi bayan an tashi. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya rufe makarantun babban birnin, a watan Oktoba na shekarar UNICEF ta ce yara kusan miliyan 19 ba sa zuwa makaranta a faɗin ƙasar. Iyalai sun watsu zuwa Masar, Chadi da Sudan ta Kudu, inda Turanci ne harshen hukuma. Sojoji sun sake karɓe Khartum a watan Maris 2025, yaran da suka koma aji kuma da yawansu sun tarar da malamai sababbi, waɗanda ba su san su ba.