Zaren da Ya Riƙe Murya: Tarihin Kaset a Ƙasar Haɗeja

Hausawa kan ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Haka tarihin ƙasar Haɗeja ya rayu shekaru aru-aru a bakin maroƙa da dattawa. Labarin Sarki Buhari da na Sarki Muhammadu, wanda ya yi shahada a yaƙin Turawa na 1906, daga baki zuwa kunne aka riƙa gadonsu, kuma duk tsohon da ya kwanta dama yakan tafi da wani kaso.

A 1928 wani injiniya a Jamus, Fritz Pfleumer, ya ƙirƙiro hanyar shafa garin ƙarfe a kan siririn zare, ta yadda maganaɗisu zai tsara garin daidai da kaɗawar sauti. A 1963 kamfanin Philips ya tattara wannan zare cikin ƙaramin kaset mai shiga aljihu.

Faifan garmaho sai kamfani ke iya buga shi, amma kaset kowa na iya naɗa, ya goge, ya kwafa. Rikoda mai batir ba ta jiran wutar lantarki, don haka ta shiga ƙauyukan fadama, daga Auyo har Guri. Masunci da manomin shinkafa suka samu waƙoƙin Mamman Shata a ƙofar gida. Tafsirin Shaihu Abubakar Gumi da na malaman ɗariƙu ya bazu, muhawarar addini ta fito daga zauren malamai zuwa kasuwa. Wanda bai iya rubutu ba yakan naɗi saƙo da muryarsa, ya ba matafiyi ya kai wa ɗan'uwa a Makka. A 1990 fim ɗin Turmin Danya ya fito a Kano a kan kaset na bidiyo, ya share fagen finafinan Hausa.

Sai dai zaren ba ya jure zafi da laima. Yakan yi fumfuna, ya manne, sautin ya dushe. A ƙasar da kogi ke ambaliya, kamar yadda ya yi a 2020 da 2022, akwatin kaset na cikin abin da ruwa ke fara lalatawa. Tun 2019 hukumar UNESCO ta yi gargaɗin cewa na'urorin kunna kaset suna ƙarewa a duniya.

A gidajen Haɗeja akwai kasakasan da ke ɗauke da muryoyin malamai, makaɗa da iyaye waɗanda ba a naɗa a wani wuri ba. In ba a juye su zuwa kwamfuta tun rikoda na juyawa ba, masu muryoyin za su yi shiru karo na biyu.