Wasan Michigan da Ohio State: Daga Annoba Zuwa Annoba

A Amurka akwai wasan da ake kira "The Game" kawai, ba sai an ambaci sunan masu bugawa ba. Karawa ce tsakanin Jami'ar Michigan da ke Ann Arbor da Jami'ar Ohio State da ke Kolumbus. Ƙwallon tasu ba irin tamu ba ce, wadda ake yi da ƙafa. Doguwa ce, ana rungumar ta a gudu, 'yan wasa sanye da hular kwano suna karo da juna. Ɗalibai ne ke bugawa, amma filin kowace jami'a yana ɗaukar mutum sama da 100,000.

Sun fara haɗuwa a 1897, Michigan ta ci 34 da nema. Daga 1913 zuwa 1917 ba su kara ba. Shekarar da suka dawo kuwa, 1918, ita ce shekarar da annobar mura ta kashe miliyoyin mutane a duniya, ga Yaƙin Duniya na Ɗaya bai ƙare ba sai a Nuwamba. Da dokar soja da ta hana ɗalibai tafiye-tafiye, da kuma tsoron cuta, sun cinye kusan duk wasannin watan Oktoba. Ƙungiyar Michigan ta koci Fielding Yost wasa 5 kacal ta buga, ta kuma cinye su duka. Na ƙarshen shi ne na ranar 30 ga Nuwamba a Kolumbus, inda ta doke Ohio State 14 da nema.

Tun daga ranar ba a sake tsallake shekara ba sai a 2020. Yaƙin Duniya na Biyu ya zo ya wuce ana bugawa. A 1950 guguwar ƙanƙara ta rufe Kolumbus har ba a ganin layukan fili, aka buga a haka, Michigan ta ci 9 da 3. Da aka kashe Shugaba Kennedy a 1963, mako guda aka ɗage wasan. Gabar ta yi tsanani har a makon wasa mutanen Ohio kan bi allunan jami'arsu suna rufe harafin M da jan tef. Shahararren kocinsu Woody Hayes ma ba ya son furta sunan Michigan, sai dai ya ce ƙungiyar can ta arewa.

Sai 2020 ta kawo korona. Ranar 11 ga Agusta, Big Ten, gamayyar da jami'o'in biyu ke ciki, ta ɗage kakar wasan, likitoci na fargabar kumburin tsokar zuciya ga matasan da suka kamu. Iyaye suka yi zanga-zanga, Justin Fields, ɗan wasan Ohio State, ya tara sa hannun dubban mutane a kan a bar su su buga, 'yan siyasa suka sa baki. A watan Satumba aka janye ɗagewar. Aka tsara wasa 8 a mako 8 ba hutu a tsakani, duk ɗan wasan da ya kamu zai zauna kwana 21, kuma sai ƙungiya ta buga wasa 6 kafin ta cancanci wasan ƙarshe na gamayyar.

Duk wanda ya dubi wannan jadawali ya san ba a bar gurbin rama wasan da cuta ta hana ba. Wisconsin ta buga wasa ɗaya ta soke biyu a jere. Ohio State ta rasa wasanta da Maryland saboda cutar ta ɓulla a can, ta rasa na Illinois saboda ta ɓulla a gidanta, har kocinta Ryan Day ya kamu. Ranar 8 ga Disamba, saura kwana huɗu a yi karawar, Michigan ta ce masu cutar a cikin 'yan wasanta sai ƙaruwa suke, ba za ta je Kolumbus ba.

An zage su sosai. Michigan ta ci wasa 2 ta sha kashi a 4 a kakar, kuma Ohio State ta doke ta sau 8 a jere, don haka wasu suka ce tsoro ne ya sa ta fake da cuta. Ni ban yarda ba, kuma zargin yana min ciwo. Yaran nan a lokacin ba albashi ake biyan su ba, kuɗin makaranta da abinci da wurin kwana ake ɗauke musu, alhali tashoshin talabijin na zuba wa gamayyar makudan daloli a kan guminsu. A ce yaro mai shekara 19 ya je ya yi ta karo da wasu yana numfashi a fuskarsu, ga abokan ɗakinsa a killace, don kada tarihi ya yanke? Wanda ya ce a zauna a gida shi ya riƙe amanar iyayensu.

Sokewar ta bar Ohio State da wasa 5. A bisa doka, Indiana, mai nasara 6 da rashin nasara 1, ita ce za ta je wasan ƙarshe. Washegari, 9 ga Disamba, shugabannin Big Ten suka zauna suka cire dokar wasa 6 ɗin. Hujjarsu tana da ƙarfi, don Ohio State ta riga ta doke Indiana 42 da 35, amma ina shakkar da za a yi wannan gaggawa in Indiana ce wasa ɗaya ya gaza mata. A wasan ƙarshen gamayyar Ohio State ta doke Northwestern 22 da 10, ta kai wasan ƙarshe na ƙasa, Alabama ta lallasa ta 52 da 24 a Janairun 2021. Indiana kuwa nata wasan gadon da Purdue sau biyu ana sa masa rana a Disamba, sau biyu cutar na hanawa.