Shataletale da Sauyin Zirga-zirga a Birnin Kebbi

Wannan takarda za ta duba matsayin shataletale a tarihin hanyoyin Birnin Kebbi, garin da ya zama mazaunin Sarkin Gwandu a 1906. Daga Turawan Ingila muka gaji wannan tsari, kuma su kansu sai a 1966 suka kafa dokar cewa mai shiga ya dakata wa wanda yake cikin kewayen. A kan wannan doka amfaninsa ya dogara.

Ranar 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta bar tuƙin hagu ta koma na dama. Ala tilas kewayen ya juya, direban da ya saba duban dama ya koma duban hagu.

Amma babban gwajin ya zo a 1991, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi. Hedkwata ta jawo ma'aikata da motocinsu, ga masu zuwa daga Jega, ga kuma na hanyar Argungu, musamman lokacin bikin kamun kifi. A ganina, faɗaɗa mahaɗa irin ta Haliru Abdu ba zai wadatar ba muddin direba da ɗan kabu-kabu suna ɗaukar dakatawa a matsayin kasawa.