Tarihin Fama da Shan Mai: Daga Kafiretar Fijo Zuwa Tukunyar Gas



A taronmu na wata-wata da ya gabata an daɗe ana kai ruwa rana a kan jif ɗin ƙungiya, wato tsohuwar Pathfinder ɗin nan ƙirar 1999 da muke kai marasa lafiya asibiti da ita, muke kuma zuwa ta'aziyya Arewa. Da ma'aji ya karanto kuɗin man da ta sha, sai zaure ya ɗauki hayaniya. Wasu suka ce a fasa indomi a buɗe salansa. Wasu suka ce a sauke injin filogi shida a ɗora mai huɗu. Wasu kuma suka ce a mai da ita gas a huta. Shugaba ya ce kafin a kwance ko noti ɗaya, ofishin sakatare ya binciko asalin waɗannan dabaru da abin da suka haifar wa waɗanda suka riga mu gwadawa. Mun zauna da dattawan direbobi na Agege da Mile 12, mun kuma zagaya wurin kanikawa. Ga abin da muka tattaro.

Lokacin da mai ba ya cikin lissafi

A 1973 litar fetur a ƙasar nan ba ta kai kwabo 10 ba. A 1978 ta koma kwabo 15 da 'yan ɗigo, a 1982 ta kai kwabo 20. A 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna da Volkswagen a nan Legas, ga kuɗin Udoji a aljihun ma'aikata. Direban da ke ɗaukar fasinja daga Legas zuwa Kano a Fijo 504 damuwarsa taya ce da birki da barci, ba kuɗin mai ba.

Motocin wannan zamani da kafireta suke aiki. Ita ce ke gauraya iska da fetur ta tura wa inji, kuma komai nata na hannu ne. Bakanike zai kasa kunne, ya murza ɗan sukuru, ya rage silo, ko ya canza jet ya sa ƙarami, sai shan mai ya ragu. Idan ya wuce gona da iri, mai ya yi kaɗan, inji ya riƙa zafi har bawul ya ƙone. Gwanin bakanike shi ne wanda ya san inda zai tsaya. Daga nan muka gaji imanin cewa shan mai abu ne da ake ragewa da sukundireba.

Su can abin ya zo musu da wuri

A daidai lokacin da muke cikin wannan araha, ƙasashen da ke ƙera motoci suna cikin wahala. A Oktoban 1973 ƙasashen Larabawa suka tsuke wa Amurka da wasu ƙawayenta mai saboda yaƙin da aka yi da Isra'ila, farashin ɗanyen mai ya ninka kusan sau huɗu cikin 'yan watanni. A 1975 Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa kamfanoni ƙera motoci masu ƙarancin shan mai. A wannan shekarar ce kuma yawancin sababbin motocinsu suka fara zuwa da matatar hayaƙi a cikin salansa, wadda kanikawanmu daga baya suka laƙaba wa suna indomi saboda cikinta ya yi kama da sandararriyar taliya. A 1976 kamfanin Bosch ya fito da sansar da ke shinshinar hayaƙi, aka fara sa ta a Volvo.

Sannu a hankali injekta ta kori kafireta. Yanzu ba kunnen bakanike ke auna mai ba, kwamfutar mota ce. Tana jin zafin inji daga wata sansa, tana jin yawan iskar da ke shiga daga wata, tana jin abin da ya rage a hayaƙi daga ta salansa, sannan ta yanke adadin man da nozul zai fesa. Daga 1996 duk motar da aka sayar a Amurka sai tana da kafar da ake jona na'ura a karanta ciwonta. Jif ɗinmu tana cikin waɗannan.

Zuwan 'yan Kwatano

A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo tsarin SAP, naira ta karye, fetur ya koma kwabo 39 da rabi. Sabuwar mota ta fi ƙarfin talaka da matsakaici, sai aka koma ga na hannu daga Turai da Amurka, waɗanda a nan ake kira tokumbo, a gida kuma 'yan Kwatano ko Beljiyam. Kasuwar Ladipo ta cika da injuna da giya na hannu. A 1994 lita ta kai naira 11, ga dogayen layuka a gidajen mai, ga 'yan bumburutu a bakin titi.

Motocin sun zo da fasahar da garejinmu ba su saba da ita ba. Dattawa sun tuna yadda mutum zai sayi mota mai injekta, da ta fara gardama sai bakanike ya ce a cire a sa kafireta, domin ita ya iya. Motar ta tashi, kowa ya ji daɗi, amma ta koma shan mai irin na shekara ashirin baya.

A nan ya kamata mu yi wa kanikawan wancan lokaci adalci. Fetur ɗin da ake sayarwa a lokacin yana da dalma a ciki, ita kuwa dalma tana kashe indomi da sansar hayaƙi. Sai a farkon 2006 ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka gama raba fetur da dalma. Saboda haka wanda ya fasa toshasshiyar indomi a 1995 yana da hujja, domin idan ta toshe inji ba ya numfashi, mota ba ta ja, mai kuma yana tafiya. Matsalar ita ce dalili ya wuce, al'ada ta zauna.

Haka labarin tamostat yake. Wani ɗan ƙarfe ne da ke tare ruwa har inji ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajen digiri 80 zuwa 95, sannan ya buɗe ruwan ya wuce lagireto. Da yake ruwan rijiya muke zubawa, sai ya yi tsatsa ya maƙale, mota ta riƙa zafi. Maimakon a canza shi, sai aka ce ai na ƙasashen ƙanƙara ne, a jefar. A mota mai injekta kuwa, muddin kwamfuta ta ji inji bai yi ɗumi ba, ƙara masa mai take yi. Mai mota ya ajiye kuɗin tamostat, yana biyansa a gidan mai kullum safiya.

Har sakin mota furi a gangare gadon zamanin kafireta ne. A mota mai injekta, idan tana cikin giya aka ɗaga ƙafa daga totur, kwamfuta na datse man gaba ɗaya. Idan aka sa furi kuwa sai ta ci gaba da ba inji mai don kada ya mutu, ga shi an bar wa birki nauyin motar shi kaɗai.

Zamanin jif

Daga 1999, da siyasa ta dawo, jif ta zama motar a zo a gani. Pathfinder, 4Runner, Pajero, Prado, daga baya Highlander da Lexus RX300. Mu ma da ke kasuwancin shanu da gwari da canji mun saye su, kuma ba don alfarma kaɗai ba. Duk wanda ya bi hanyar Ilori zuwa Jebba da Mokwa da damina ya san amfanin doguwar mota. Sai dai waɗannan motoci suna da nauyin kusan tan biyu, injinsu kuma wajen lita uku ne. Tun suna sababbi, irin tamu kilomita 6 zuwa 8 take yi da lita ɗaya. Ba cuta ba ce, halitta ce.

Muddin akwai tallafi, ana jurewa. A zamanin 'Yar'aduwa lita tana naira 65. Ranar 1 ga Janairu 2012 gwamnatin Jonathan ta kai ta 141, aka yi zanga-zangar da muka gani da idonmu a Ojota, ta dawo 97. A Mayun 2016 ta zama 145. Kowane ƙari da irin kasuwar da yake buɗewa. Sai ka ga masu talla da maganaɗisun da ake ɗaura wa bututun mai, da ƙwayar da ake jefawa a tanki, da ɗan akwatin da ake jonawa a ce zai rage shan mai da rabi. Wannan ma ba a kanmu aka fara ba. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada irin waɗannan kayayyaki sama da 100, ba ta samu ko ɗaya da ya rage shan mai yadda za a kira shi ragi ba.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa mai mota ba. A cikin indomi akwai ƙarafa masu tsada, filatinum da faladiyum da rodiyum. A 2021 farashin rodiyum ya haura dala 25,000 kowace oza a kasuwar duniya. Shi ya sa ake bin gareji-gareji ana sayenta, shi ya sa kuma wani lokaci shawarar a fasa take fitowa daga bakin wanda ya riga ya yi cinikinta. Lafiyayyar indomi ba ta shan mai. Idan an fasa ta, fitilar gargaɗi ta inji za ta kama ta ƙi mutuwa, sai a cire ƙwan ko a liƙe shi, daga nan duk ciwon da ya zo babu mai sanar da kai. Sau da yawa garin yanka da walda ake lalata sansar gaba, kwamfuta ta makance, ta koma zuba mai da ka. Hayaƙin da ake tacewa a da kuma, yanzu yaranmu ne ke shaƙarsa a cunkoson Oshodi.

Sauke inji ma an gwada. Ƙaramin inji a ƙarƙashin gangar jiki mai tan biyu sai an danne totur kafin ya ja, giyar ba tasa ba ce, wayoyin an yi musu ɗinkin dole. Ragin da ake samu bai cika biyan kuɗin aikin ba, ranar sayarwa kuma dillali ya karya motar. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Bayan cire tallafi

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 a Legas cikin kwana biyu, a Oktoban 2024 ta kai wajen 1,000. Mu yi lissafi. Legas zuwa Kano kilomita dubu ne da ɗoriya. Motar da ke yin kilomita 7 da lita za ta sha kusan lita 150. A da bai kai naira 30,000 ba, a farashin dubu kuwa 150,000 ne, zuwa kawai. Wannan ne ya sa jif da yawa suka kwanta a ƙofar gida, wasu iyalai suka daina zuwa Sallah gida.

A nan ne maganar gas ɗin CNG ta shigo da ƙarfi. An daɗe ana amfani da shi a Benin, amma sai a 2023 gwamnatin tarayya ta kafa shiri na musamman don yaɗa shi. Wannan dabara ba ta dogara da cire wa mota wani abu ba. Ƙari ake yi, motar ta riƙa aiki da gas ko fetur, kuma gas ya fi araha nesa ba kusa ba. Amma yana da sharuɗɗa. Kuɗin juyawa yana da yawa. Tukunyar na da nauyi, tana cin wurin kaya. Gidajen gas sun fi yawa a Kudu da Abuja, an kuma ƙaddamar da aikin bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, a 2020. Sannan matsin da ke cikin tukunyar ya kai ba 200, ya ninka na tukunyar girki sau da yawa. A Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a gidan gas a Benin, mutane suka jikkata, aka gano tukunyar haɗin mai walda ce. Kada garin neman gira a rasa ido.

Abin da muka gani a tamu motar

Da muka sa aka duba jif ɗin ƙungiya, sai muka tarar tarihin nan gaba ɗaya yana cikinta. Babu tamostat. Wayar sansar gaba a yanke take. An cire ƙwan fitilar gargaɗi. Ba mu san a hannun wa aka yi ba, ba kuma neman mai laifi muke ba. Amma ya nuna mana cewa motar da muke shirin rage wa kaya, ragin da aka yi mata a baya ne ya kai ta inda take.

Don haka shawarar da za mu gabatar a taro mai zuwa ita ce a fara da mayar da abin da aka cire. A jona na'ura a karanta ciwon motar. A sa tamostat da sansa na asali, a canza filogi da matatar iska, a yi juye da baƙin man da ya dace, a daidaita iskar taya, a sauke kariyar da ke saman rufi idan ba tafiya za a yi ba. Sannan a auna. A cika tanki, a rubuta kilomita, a yi aiki, a sake cikawa, a raba kilomitar da litar da ta shiga. Direba zai riƙe littafi na wata biyu. Da wannan lissafi a hannu ne za mu san ko gas zai biya kuɗinsa, kuma idan za a yi, sai a cibiyar da hukuma ta amince da ita.

Muna roƙon duk ɗan uwan da ya taɓa juya motarsa zuwa gas, ko ya sauke inji, ya zo taron ya faɗa mana gaskiyar abin da ya gani, daɗi ko akasinsa. Kuɗin nan na marayu ne da marasa lafiya da masu karo-karo, amana ce a wuyanmu.

Allah Ya tsare hanya, Ya sa albarka a nemanmu, Ya kawo mana sauƙin rayuwa. Amin.

Sakataren ƙungiya