Ciwon sanyin gaɓoɓi: abin da ya sa ba a yanke magani

Ciwon sanyin gaɓoɓi suna ne da ya haɗa cututtuka da dama. Daga cikinsu akwai amosanin gaɓoɓi mai kumbura ƴan yatsu da wuyan hannu, wanda ke sa su sandare da safe. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 18 ke ɗauke da shi, kusan kashi 70 cikin 100 mata ne. Ba ya warkewa kwata-kwata, amma magani na kwantar da shi muddin ana sha bisa ƙa'ida.

Magungunan iri biyu ne. Masu kashe zafi, kamar diclofenac da ibuprofen, suna aiki nan take, sai dai ba sa hana gaɓa lalacewa, kuma yawan shan su na taɓa ciki da ƙoda. Masu tare cutar daga tushe, kamar methotrexate, sukan ɗauki sati 6 zuwa 12 kafin a ga amfaninsu. A nan ne da yawa ke karaya, su koma wajen masu tallar ƙwayoyi a kasuwa. Wasu kuma da zarar zafi ya lafa sai su ajiye magani, alhali kumburin na ci gaba da cin gaɓa, kuma yatsan da ya karkace ba ya miƙewa.

Methotrexate sau ɗaya ake sha a sati, a rana guda tsayayya; shan sa kullum na iya kisa. Ana haɗa shi da folic acid, ana auna jini lokaci-lokaci don duba hanta, kuma mace mai ciki ko mai neman ciki ba ta shan sa. Cortisone kuwa, in an daɗe a kansa, ba a tsayar da shi farat ɗaya, likita ne ke rage shi sannu a hankali.

Tsadar magani, nisan asibiti da tashin zuciya na cikin dalilan da ke sa a daina. Mafita ita ce a gaya wa likita gaskiya: yana iya sauya magani, ya rage yawansa, ko ya daidaita lokacin sha da sahur da buɗa-baki a watan azumi.