Bindigar Toka da Asiran 'Yan Bindiga

A cikin makaman da aka yi yaƙi da farauta da su a ƙasar Hausa, babu wanda aka tara wa camfi da asiri kamar bindigar nan da ake ɗurawa ta baki, wadda waɗansu ke kira bindigar toka, waɗansu adaka, masu ba'a kuwa su ce harba-ka-ruga. Takobi yana da maganinsa, kibiya ma haka, amma na bindiga ya fi nasu yawa. Dalili kuwa yana cikin halin ita bindigar. Makami ce mai ƙarar aradu, mai kashewa daga nesa, amma ba ta da alkawari: yau ta tashi, gobe ta ƙi, jibi ta fashe a hannun mai ita. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, ta nan camfi ya shiga.

Zuwanta ƙasar nan

Sunan bindiga daga Larabci ya fito, gama ta hanyar Sahara aka fara jin labarinta. A shekara ta 1591 rundunar Maroko, ƙarƙashin Judar Basha, ta karya daular Sanwai a Tondibi da bindigogi, ko da yake mutanen Askiya sun fi su yawa nesa ba kusa ba. A cikin wannan ƙarni kuma Mai Idirisu Aloma na Barno ya samo 'yan bindiga Turkawa, ya sa aka koya wa bayinsa harbi, kamar yadda limaminsa Ahmadu Ibn Fartuwa ya rubuta. Tarihin Kano ya ce a zamanin Kumbari (1731–1743) aka shigo da bindigogi, Babba Zaki (1768–1776) kuwa shi ya fara ajiye 'yan bindiga su tsare Sarki.

Duk da haka ta daɗe ba ta yawaita ba. A 1826 Kyaftin Clapperton ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kewaye wani birnin Gobirawa, bindigoginta duka arba'in da 'yan kai ne. A cikin birnin kuwa guda ɗaya tak ake harbawa, amma ita ta kā da barden da ke gaban 'yan lifidi. Sai a rabin ƙarshe na ƙarnin nan ta bazu. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara dubbai, ya sa ana haɗa albarushi ana zuba igwa a birninsa. Sarkin Zazzau Yero ya kafa rundunar bayi 'yan bindiga, Rabe kuma da bindiga ya ci Kukawa a 1893. Yawancin waɗanda suka iso ta bakin teku masu araha ne, ƙirar Birmingham ta Ingila da Liyej ta Beljika. A 1890 kuma sarakunan Turai suka ƙulla yarjejeniya a babban birnin Beljika, suka hana sayar wa mutanen wannan yanki na Afirka bindiga mai kyau, sai mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Saboda haka tsohuwar bindiga ta zauna a nan bayan an daina yaƙi da ita a Turai.

Halinta

Mai harbi yakan zuba albarushi ta baki, ya danna tsumma ko ɓawo, ya sa harsashi, ya sake dannawa da sanda, kāna ya zuba ɗan albarushi a kaskon da ke gefe. In ya ja kunama, ƙanƙara ta daki ƙarfe, tartsatsi ya kama na kasko, wuta ta bi ta ɗan rami ta isa na ciki. A kowane mataki akwai inda abin zai ɓaci. Ƙanƙara takan dakushe. Ramin yakan toshe. Albarushi kuwa, watau gishirinsa da gawayi da farar wuta, da ya sha raɓa ko iskar damina ya mutu. Wani lokaci na kasko ya kama, na ciki ya yi jinkiri, sai mutum ya sauke bindiga yana dubawa sa'an nan ta tashi.

Cikin bututunta sumul yake, ba shi da zanen da ke murza harsashi ya tafi sak. Dalma kuma tana da tsada, don haka akan ɗura tsakuwa, da guntun ƙarfe, da ƙusa. Irin wannan harsashi in ya wuce taki ɗari sai inda Allah ya kai shi. Awon albarushi da yatsu ake yi, mai son ƙara kuwa yakan ƙara yatsa, bututun mai araha ya tsage ya tafi da hannu ko ido. Wanda bai san waɗannan dalilai ba, in ya ga bindiga ta ƙi tashi a gaban wani ta tashi a gaban wani, ba abin da zai ce sai an yi mata asiri.

Asirin maharba

Maharba, waɗanda shugabansu ke riƙe da sarautar Sarkin Baka, sun gāji asirin daji tun zamanin kwari da baka, da bindiga ta zo sai suka ɗora mata shi. Akan ɗinke laya a jikin ƙotarta, a manna wuri, a shafa mata jinin naman da ta fara kashewa. In ta yi ta kuskure sai a ce an ɗaure mata baki, a kai ta a wanke da jiƙon saiwoyi, a turara ta. Mace ba ta tsallake ta. Mai janaba ba ya ɗaukarta. Maharbi ba ya son a tambaye shi inda za shi, in kuwa ya yi tuntuɓe ko ya gamu da abin da ya ƙi jini a bakin gari, yakan koma gida ya bar farautar ran nan.

Sun ce kuma ba kowane nama ne nama ba. Gwanki da ɓauna da giwa suna da alhaki mai bin wanda ya kashe su, sai ya yi karya-sihiri kafin ya sa wuƙa, in ba haka ba hauka ko ciwo ya same shi, ko ɗansa. Akwai tatsuniyar ɓaunar da ta rikiɗa ta zama budurwa ta auri maharbi don ta ji asirinsa, abin da ke nuna yadda suke tsoron sakin baki ko a gaban iyali. Suna da layar zana da ɓaduhu, waɗanda aka ce suna ɓoye mutum daga ido.

In aka duba da kyau, waɗansu daga cikin sharuɗɗan nan suna da amfani a ɓoye. Bindigar da aka hana mata da yara taɓawa, aka rataye ta can sama, ta yi nisa da murhu da hannun wawa. Wadda aka wanke aka turara, an cire mata daskararren toka an busar da ita, dole ta fi tashi. Wanda ya fi kowa layar zana kuwa shi ne wanda ya ɗaura kan burtu a goshi, ya bi iska, ya yi rarrafe har ya zo taki ashirin daga nama, inda bindigar toka ba ta kuskure. Gwaninta ta yi aiki, laya ta karɓi yabo.

Maganin bindiga

Asirin da ya fi kowanne shahara shi ne na kāre jiki. Mayaƙa sukan sa rigar layu, su ɗaura guru da ƙarho a ƙugu, kambu a damtse, su sha rubutu. Akwai kau-da-bara, mai kawar da harbi gefe. Akwai wanda aka ce yana hana bindiga tashi, da wanda ke mai da harsashi ruwa. A gaban bindigar toka duk waɗannan sun sami shaidu. Mutum ɗari su harba, waɗansu bindigogin su ƙi, sauran su wuce sama, tsakuwar da ta zo daga nesa ta maƙale a lifidi ko a fatar layu. Sai baraden su komo su kakkaɓe riga tsakuwa ta zubo, kowa ya ga zahiri. Wanda ya faɗi kuwa ba ya nan balle ya ƙaryata, sai a ce ya karya sharaɗi.

Kada mai karatu ya zaci wannan na baƙar fata ne kaɗai. Sa'ad da Turawa ke yaƙi da irin wannan bindiga su ma haka suka yi. A Yaƙin Shekara Talatin (1618–1648) sojojin Jamus sun riƙa haɗiye 'yan takardu masu rubutu, waɗanda aka danganta ga garin Passau, don harsashi kada ya huda su. Maharbansu suna da labarin harsashi bakwai da ake zubawa da taimakon Shaiɗan, shida su sami abin da aka nufa, na bakwai ya tafi inda shi ya so. Sun ce kuma mai tauri sai harsashin azurfa. Ashe inda duk bindigar nan ta je, camfinta yana biye.

Malamai ba su yi shiru ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Nurul Albabi, ya yi hani ga sihiri da duba da yanka ga itatuwa da duwatsu. Amma a ranar yaƙi mutane da yawa ba su rarrabe addu'a da surkulle ba.

Ranar da bindiga ta sāke

Rundunar da ta zo daga Zungeru ba bindigar toka ta riƙo ba. Tasu ta gindi ake ɗura ta, harsashinta a rufe yake ruwa ba ya taɓa shi, tana samun mutum daga taki ɗari biyar. Suna kuma da igwa, da Maxim, wadda Hausawa suka sa wa suna bindiga mai ruwa, mai zubo harsashi ɗaruruwa a minti guda. Kano ta faɗi ran 3 ga Fabrairu 1903. A ƙarshen watan Waziri Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi, dawakinsa suna ta kai hari ba su iya shiga sahun soja ba. Sakkwato ta bi ran 15 ga Maris. Ran 27 ga Yuli aka yi na Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada tare da ɗaruruwan jama'arsa. Mutanen nan don addini da mutunci suka tsaya, da yawansu sun san mutuwa suka tarar. Amma duk wanda ya shiga fagen yana dogara ga guru, ya ga abin da ya tsare kakansa bai tsare shi ba.

Satiru ta nuna yadda sa'a ɗaya ke jawo halaka. Ran 14 ga Fabrairu 1906 talakawa masu gatura da fartanya da baka suka auka wa sojan doki, suka kashe Turawa uku da soja ashirin da biyar, suka kama bindiga mai ruwa. Dalili a fili yake: soja ba su gama ɗaura sahu ba, bindigar kuma ba a kafa ta ba. Amma labari ya bazu cewa harsashi ba ya cin mutanen Ɗan Makaho. Ran 10 ga Maris aka komo da shiri, suka fito fili kamar dā, aka kashe wajen mutum dubu biyu, aka rushe garin, ba a sāke zama a cikinsa ba.

A daidai wannan lokaci irin haka ta faru a gabashin Afirka, a ƙasar da yanzu ake kira Tanzaniya. A 1905 wani boka, Kinjikitile Ngwale, ya raba wa jama'a ruwan magani, ya ce harsashin Jamusawa zai zama ruwa, shi ya sa ake kiran yaƙin Maji Maji, gama maji shi ne ruwa da Suwahili. A Mahenge, cikin Agusta na shekarar, dubbai suka tunkari bindiga mai ruwa ƙirji a buɗe, aka zubar da su. Kafin 1907 yaƙi da yunwa sun cinye mutane dubu barkatai.

Abin da ya saura

Bayan haka bindigar toka ta bar fagen fama. A zamanin En'e, wanda ya ƙare a 1976, ta zama ta maharba, da masu tsaron gona daga biri da gyado, da 'yan bindigar Sarki masu tashin albarushi ba harsashi a ranar salla. Dokar bindigogi ta 1959 ma ta ware mata sashe dabam da na sauran. Maƙera suka koyi ƙera ta da bututun famfo.

Camfinta kuwa bai mutu ba. Har wa yau akan ji an harɗa wa wani maganin bindiga, ya ce a gwada a jikinsa, abokinsa ya tsaya taki biyar ya harba. A wannan nisa ko bindigar toka ba ta kuskure. Gida biyu ke shiga uku: ɗaya da makoki, ɗaya da shari'ar kisa, gama yardar mamaci ba ta wanke wanda ya ja kunama. Har wa yau kuma akwai samari masu tsaron ƙauye da ke fita da adaka da guru su tari masu bindigar zamani, suna zaton tufafin kakanni zai yi musu abin da bai yi ba a 1903.

Hakimai da dagatai da alƙalai da 'yan doka su ne talaka ke jin maganarsu. Ba a ce su raina maharbi ba, gama saninsa na daji da ƙarfin zuciyarsa abin girmamawa ne, kuma sharuɗɗansa masu tsare rai sun cancanci a riƙe su. Abin da ya wajaba shi ne su hana gwajin magani a jikin ɗan Adam ko dabba, su hana cika albarushi a taron biki, su kuma faɗa wa mai laya gaskiya tun bai tsaya gaban bakin bindiga ba. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya tsare na baya. Amin.