2.3 Tarihin Tura Ɗaliban Manyan Makarantu Koyarwa a Sakandare a Ƙasar Sakkwato

A wannan sashe za a duba yadda aka faro al'adar tura ɗalibi mai zurfin karatu ya koyar da na ƙasa da shi, da kuma abin da wannan al'ada ta tsinana wa garuruwan bakin iyaka irin su Darna Sabon Gari, wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Illela, daf da Birnin Ƙwanni ta Jamhuriyar Nijar.

Tun kafin zuwan Turawa ƙasar Hausa ta san wannan tsari. A makarantar allo gardi ne yake biya wa kolo karatu, alhali shi ma yana gaban malam yana ɗaukar nasa. Haka kuma Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1793-1864) ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru, inda jajoji kan jagoranci mata daga ƙauyuka su zo su ɗauki karatu a wurinta, sannan su koma su karantar da 'yan uwansu. Abin lura a nan shi ne, jaji 'yar garin ce, kuma can take komawa da abin da ta samo.

Da ilmin boko ya shigo, sai aka sake wa tsarin kama. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, an kafa ta ne domin horar da malamai. Wannan kwaleji ta koma Kaduna a 1938, kuma a can ne Shehu Shagari ya yi karatu kafin ya dawo ya koyar a Makarantar Midil ta Sakkwato. A 1970 aka kafa Kwalejin Horar da Manyan Malamai a Sakkwato, wadda daga baya aka sa wa sunansa. A 1975 kuma aka kafa Jami'ar Sakkwato, wadda ta zama Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. Ɗalibin da ke nazarin ilmin koyarwa a waɗannan makarantu ba ya samun takardar shaida sai ya fita gwajin koyarwa, wato ya riƙe aji na wasu makonni, ya rubuta shirin darasi, malaminsa ya zo ya zauna a bayan aji ya ba shi maki.

Abin da ya ƙara wa tsarin ƙarfi shi ne ƙarancin malamai. A 1973 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin yi wa ƙasa hidima, kuma da yawa daga cikin matasan da suka kammala karatu aji aka riƙa tura su. Bugu da ƙari, shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya cika makarantu da yara, waɗanda bayan shekara 6 suka nufo sakandare. Haka aka sake gani bayan Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya a Sakkwato a 1999. Saboda haka ɗan gwajin koyarwa da mai yi wa ƙasa hidima suka tashi daga masu koyon aiki, suka zama masu cike giɓi.

Ba a musun amfanin wannan cuɗanya. Ɗalibin kwaleji yakan gane bambancin abin da ke cikin littafi da abin da ke cikin aji, shi kuwa ɗan sakandare yakan ga wanda bai girme shi da yawa ba ya kai matsayin da shi ma zai iya nema. Wannan yana da muhimmanci a yankin Illela, inda kasuwa da fataucin ƙetare iyaka suke jan samari tun suna ƙanana. Rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986, da daga 2019 zuwa 2020, da kuma daga 2023 zuwa 2024, ya nuna cewa wannan hanyar abinci tana iya toshewa dare ɗaya.

Sai dai tsarin yana da rauni ta fuska biyu. Na farko, tun da dole malami ya je duba ɗalibinsa, makarantar da ke kusa da kwaleji ta fi sauƙin samun 'yan gwaji a kan wadda ke da nisan fiye da kilomita 80 daga birni. Na biyu, zaman na ɗan lokaci ne. Ɗan gwaji yakan tafi bayan 'yan makonni, mai hidimar ƙasa kuma bayan shekara, su bar aji a tsakiyar manhaja.

Idan aka kwatanta da tsarin 'Yan Taru, za a ga cewa abin da aka rasa shi ne malami ɗan gida. Don haka, idan ana son garuruwa irin su Darna Sabon Gari su amfana, ya kyautu a riƙa mayar da 'ya'yan yankin da ke kwaleji su yi gwajinsu a makarantun da suka yaye su, a kuma tanadi kuɗin motar masu zuwa dubawa.